Daga Kurugu Zuwa Agadas: Ina Namu A Jerin Manyan Faya-fayan Duniya?

Da la'asar sakaliya, idan manoma suka fara dawowa daga gona, shagon cajin waya yana cikin wuraren da suka fi cika a Kurugu, ta ƙaramar hukumar Ƙaraye. Janareta na ruri a bayan shago, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, ga wata tsohuwar kwamfuta a gefe da ake tura wa mutane waƙoƙi da finafinai.

Matashi ya miƙo wayarsa a zuba masa sababbin Hamisu Breaker da na Umar M. Shareef. Dattijo ya aiko jikansa da memori a sa masa Shata da Ɗanƙwairo. Wani kuma karatun Alƙur'ani da wa'azi kaɗai yake so. Babu mai tambayar shekarar da aka yi waƙa, ko wurin da aka naɗe ta, ko sunan wanda ya kaɗa kalangu a ciki. A biya kuɗin turi, a karɓi waya, a kama gaba.

Haka ake sauraron kiɗa a Ƙaraye da Rogo da ƙauyukan da ke gefen madatsar ruwan Challawa, haka kuma ake yi a mafi yawan ƙasar Hausa. Waƙa tana zuwa ita kaɗai, ba ta da kwali, ba ta da takarda, wani lokaci ma da sunan mawaƙin da ba shi ya yi ta ba.

A can ƙasashen Turai da Amurka kuwa, shekara da shekaru ana ta musu kan wani abu da ba mu cika damuwa da shi ba: wane faifai ne ya fi kowane faifai a tarihin kiɗan rok? Mujallu na fitar da jeri, masana na gardama, matasa na sayen faifan da ya girmi iyayensu. Tambayar da ta kawo wannan rahoto ita ce, mu ina muka tsaya a wannan zance, kuma me ya hana ayyukan manyan makaɗanmu samun irin wannan gata?

Yadda suke jera nasu

Kiɗan rok ya taso ne a Amurka a shekarun 1950, daga kiɗan baƙar fata na kudancin ƙasar. Mutane irin su Chuck Berry da Little Richard ne suka share masa hanya. Kayan aikinsa ba su da yawa: jita mai amfani da lantarki, jitar da ke ba da amo mai kauri, ganguna, sai murya.

Abin da ya mayar da shi kiɗan faifai wata fasaha ce. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan garmaho mai dogon zango, wanda kowace fuska tasa take ɗaukar kimanin minti 20. Daga nan makaɗa suka fara tunanin aiki na minti 40 da 'yan kai a matsayin abu guda, mai farko da tsakiya da ƙarshe, da hoto a kwali, da sunan duk wanda ya sa hannu.

A 2003 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta fitar da jerin faya-fayai 500 da ta ce sun fi fice a tarihi. Na ɗaya shi ne Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na ƙungiyar Beatles ta Ingila, wanda ya fito a 1967. A irin waɗannan jerin ba a rasa Are You Experienced na Jimi Hendrix, shi ma na 1967, da faifai na huɗu na Led Zeppelin na 1971, da Nevermind na Nirvana na 1991. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, na 1973, ya yi fiye da shekara 14 a jerin masu kasuwa a Amurka, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 40.

Da mujallar ta sake zama a 2020, ta tambayi mutum sama da 300, sai lissafi ya canza. What's Going On na Marvin Gaye, baƙar fata, ya hau na ɗaya, na Beatles ya gangaro na 24. A wannan karon ne aka ga Fela Kuti da King Sunny Ade a ciki. Wannan ya nuna cewa jerin ba wahayi ba ne, ya danganta da waɗanda aka tambaya.

Amma akwai abin da ya fi jerin muhimmanci. Yawancin faya-fayan da aka ambata, asalin zaren da aka naɗe su a kai yana nan a ajiye a ɗaki mai sanyi. An san ranar da aka shiga situdiyo, an san wanda ya riƙe kowane kayan kiɗa. Shi ya sa ake iya sake wanke sautinsa bayan shekara 50 a sayar wa sabon zamani, iyalan makaɗan kuma su karɓi rabonsu.

Da rok ya sauka Legas

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. A farkon shekarun 1970 Ginger Baker, makaɗin gangunan ƙungiyar Cream, ya ratso Sahara da mota ya zo Legas, ya yi aiki da Fela, ya kafa situdiyo a Ikeja. A 1973 Paul McCartney na Beatles ya zo situdiyon EMI da ke Apapa ya naɗi mafi yawan Band on the Run, faifan da ake ɗauka shi ne mafi kyawun aikinsa bayan watsewar Beatles. A zaman nan ne ɓarayi suka tare shi da wuƙa suka ƙwace kaset ɗin gwajinsa, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka.

'Yan ƙasa ma ba su zauna ba. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ƙungiyoyin rok suka ɓarke a kudu. Funkees suka fito daga gabas. BLO suka saki Chapter One a 1973. A shekarar ce wasu ɗaliban sakandaren St. Gregory's ta Legas, masu kiran kansu Ofege, suka fitar da Try and Love, ya karaɗe ƙasa.

Ba a jima ba aka manta da su. Sai da kamfanonin waje suka bi kasuwanni suna tsintar tsofaffin faya-fayai, Soundway na Ingila ya fitar da tarin Nigeria Rock Special a 2008, Now-Again na Amurka ya fitar da Wake Up You! a 2016 tare da binciken Uchenna Ikonne, sannan duniya ta sake jin su. Abin lura shi ne, an iya ceto su ne domin an buga su a faifai mai suna da shekara.

A Arewa jita ba ta yi wannan kasuwa ba. Bongos Ikwue ya kafa ƙungiyar kiɗa yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Bala Miller, ɗan Zariya, ya yi waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan zamani a Kaduna, ana nuna shi a talabijin, har yau masu shekaru suna tuna "Ikon Allah". Sai dai irin wannan kiɗa ya tsaya a otal-otal da barikin soja da Sabon Gari, bai shiga zauren Bahaushe ba.

Faifan da aka naɗa a Sakkwato

Ga labarin da ya kamata kowane mai shagon turi ya sani.

A 2008 wani matashin Buzu daga yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar ya shigo Sakkwato ya shiga situdiyo. Sunansa Mahamadou Souleymane, amma duniya ta san shi da Mdou Moctar. Ya tashi a gidan da ba a son kiɗa, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, don haka a juye yake riƙe ta.

Situdiyon Sakkwato na lokacin na waƙoƙin fim ne, da gangunan kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya da mawaƙan Kannywood suka saba da ita. Da waɗannan kayan ya naɗi waƙoƙinsa na Buzanci, aikin da aka sa wa suna Anar. Ba wani kamfani da ya buga shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi tafiya, ta Bluetooth da memori, a tashoshin mota da rumfunan shayi, har ya kai arewacin Mali.

A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, da ke tattara waƙoƙin da mutane suke ɗauke da su a wayoyinsu, ya ci karo da ɗaya daga ciki. Ya sa ta a tarin Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai waƙar. A 2015 fim ɗin da suka yi tare a Agadas ya fito. A 2019 Ilana ya fito, a 2021 kuma kamfanin Matador na Amurka ya fitar da Afrique Victime.

Wannan faifan ya shiga jerin gwanayen shekarar a manyan jaridu da mujallun kiɗa na Amurka da Ingila, masu sharhi suka riƙa ambaton Jimi Hendrix idan suna bayanin yadda yatsun Mdou suke gudu. A ciki yana kukan yadda ake wawashe Afirka. Funeral for Justice na 2024 ya fi shi zafi, yana magana kan Faransa da yuraniyom ɗin Nijar. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ma a Amurka ya riski ƙungiyar, suna tsakiyar zagayen wasa, suka yi kwanaki ba hanyar komawa gida.

In aka tambaye ni faifan rok mafi ƙarfi da ya fito daga wannan shiyya tamu, Afrique Victime zan ce, ba tare da jinkiri ba. Kuma hanyar da ta kai mai shi ga duniya, ta situdiyon Hausa ta fara, ta bi ta irin memorin da ake cikawa kullum a Kurugu.

Jitar Abzin

Mdou bai faɗo daga sama ba. Farin 1973 da na 1984 ya kashe dabbobin Buzaye, ya kora samarinsu Aljeriya da Libiya neman abin yi. A can, tsakanin Tamanrasset da sansanonin horo na Gaddafi, Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka kafa Tinariwen. Waƙoƙinsu na kewar gida da na tawaye a kaset suka yi yawo, ana kwafa ana miƙawa a ɓoye. Sai a 2001 suka yi faifan farko da ya fita duniya. Aman Iman ya biyo a 2007, Tassili kuma ya ci kyautar Grammy a 2012.

A ɓangaren Nijar, Abdallah Oumbadougou ne ya fara ɗaga wannan tuta. Bayansa Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, haifaffen 1980 a yankin Agadas, ya sha gudun hijira sau biyu saboda tawaye. Ya fitar da Agadez a 2011, Nomad a 2013 tare da Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys, sai Deran a 2018, wanda ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar Grammy. Mata ma sun shigo, Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad tana kaɗa jita a manyan dandamalin Turai.

Ga mai neman Hausa a cikin wannan kiɗa, Yamai zai nufa. Ƙungiyar Tal National, ƙarƙashin Hamadal Issoufou Moumine da ake kira Almeida, wanda ya yi aikin alƙalanci, tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Kaani na 2013 da Zoy Zoy na 2015 da Tantabara na 2018 duk kamfanin FatCat na Ingila ne ya fitar. Wanda ya saurara da kyau zai ji kalangu a tsakiyar jitocin, yana magana kamar yadda yake yi a gidan biki.

Me ya sa Nijar ta iya, mu muka kasa? Dalili ɗaya a fili yake. A Agadas da Tawa da Yamai, biki ba ya cika sai an kira 'yan jita sun kafa lasifika a titi. Makaɗi yana wasa a gaban jama'a dare da rana, hannunsa na faɗawa. Gwamnati ma ta taɓa sa hannu: gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 ta fito da ƙungiyoyi da dama, ga kuma cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Daga irin wannan yanayi Sa'adu Bori na Maraɗi da Musa Pusi suka yi Niamey Twice a 1994.

Namu manyan

Kada a ɗauka ƙasar Hausa ba ta da abin sawa a ma'auni. Tana da shi, har ya yi yawa.

Daga Rogo zuwa Funtuwa ba nisa, kuma a Funtuwa Alhaji Mamman Shata ya yi zama mai tsawo. An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu ranar 18 ga Yunin 1999, aka binne shi a Daura. Ya yi fiye da rabin ƙarni yana waƙa da kalangu da 'yan amshi, ba ya rubutawa, ba ya gwaji, nan take yake ƙirƙira. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Shi da kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba.

Bakandamiyarsa kaɗai ta isa misali. Ya rera ta sau da yawa a wurare daban-daban, kowace da tsawonta da baitocin da suka shigo a ranar. Wacce ce ta asali? Wacce shekara? Su waye a kan kalangu? Mai memori ba zai iya faɗa ba, mai shagon ma haka.

Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya bar waƙoƙin da malaman jami'a suke ta fashin baƙinsu har gobe. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya kai kiɗan kotso da tsarin amshi matakin da muryoyi suke shiga cikin juna ba tare da karo ba. Barmani Coge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta ɗauki ƙwarya ta faɗa wa mata su tashi su nemi na kansu.

In kuwa tsirkiya ake magana, wato abin da ya fi kusa da jita, nan ma muna da gwanaye. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a Yunin 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya yi waƙar karen mota da ta talaka da ta auren dole. Abin da ake yabon manyan mawaƙan rok da shi ke nan, mutum ɗaya da kayan kiɗansa yana faɗa wa al'umma gaskiya. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi, Garba Sufa da Hassan Wayam da kukuma, ga masu garaya da suke tsuma mafarauta. Masana tarihin kiɗa sun daɗe suna danganta banjo na Amurka da irin waɗannan kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma da bayi suka tafi da iliminsu. Wanda ya ji gurmi sannan ya ji tsohon kiɗan baƙar fatan Amurka, kunnensa zai gaya masa akwai dangantaka.

Kamfanoni irin su EMI sun buga wasu daga cikin waɗannan makaɗa a faifan garmaho. Amma mafi yawan abin da ya rage a hannun jama'a, daga gidajen rediyo ya fito ko daga rakodar wani mai sha'awa a wajen biki. Da kaset ya yi arha a shekarun 1970 da 1980, masu shaguna suka riƙa haɗa waƙoƙi yadda suka ga dama a kaset mai minti 60 ko 90, in zare ya ƙare a tsakiyar baiti, shi ke nan. Daga kaset aka juye zuwa faifan CD, daga nan zuwa memori, kowane juyi sauti na raguwa.

Da fiyano ya shigo

A ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa suka kankama, waƙa ta zama ginshiƙinsu. Situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna ya fitar da amon ganga da sarewa da goge. Farin jinin waƙar fim ɗin Sangaya ya tabbatar wa kowa cewa kasuwa ta koma can.

Ta fuskar kuɗi, lissafin a bayyane yake. Mai kalangu da 'yan amshi shida suna buƙatar mota da abinci da sallama. Mai fiyano shi kaɗai ne, a ɗaki ɗaya, ya gama waƙa a yini. Yau a bukukuwan Ƙaraye da Rogo, kamar sauran wurare, DJ ne da lasifika ya maye gurbin makaɗa a mafi yawan lokuta. 'Ya'yan makaɗa da dama sun ajiye sana'ar gado sun kama acaɓa ko noman rani.

Ba a ce zamanin nan bai haifi gwanaye ba. Aminu Ala ya nuna cewa ana iya zuba Hausa mai zurfi a kan fiyano. Nura M. Inuwa ya saba fitar da kundi mai suna a kowace shekara, masoyansa na jira, wanda shi ne abu mafi kusa da al'adar faifai da muka samu. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi a 2020. Sai dai ko su, in aka tambayi inda asalin aikinsu na shekara goma da suka wuce yake, sau da yawa amsar ita ce yana cikin wata kwamfuta da ta lalace.

Kowa da abin da yake gani

Dattawa masu sauraron Shata suna ganin maganar jeri ba ta taso ba. A wajensu waƙa ta mutum ce, an yi ta ne don wani basarake ko attajiri ko direba, a wani lokaci sananne, kuma darajarta tana tare da wanda aka yi wa. Ba a auna waƙar Sarkin Daura da ta wani sarki a ce wannan ta fi.

Matasa kuwa suna cewa zamani ya wuce wurin. Waƙa ɗaya ce take tashe a TikTok, ta yi sati uku, wata ta ture ta. Wa zai zauna minti 40 yana jin mutum ɗaya, ga tsadar data?

Akwai kuma ɓangaren malamai, wanda ba a tsallake shi a Kano. Da yawansu suna ganin kayan kiɗa, musamman masu tsirkiya, ba su halatta ba, wasu kuma suna sassautawa gwargwadon abin da waƙar ta ƙunsa da wurin da ake yin ta. Goge da garaya sun daɗe da ɗaukar tabon bori da gidajen mata masu zaman kansu, jita kuma ta gaji tabon otal. Tun 2001 jihar take da hukumar tace finafinai da ke sa ido a kan mawaƙa. Iyaye da yawa a karkara ba za su so a ga ɗansu da jita a kafaɗa ba, kuma damuwarsu kan tarbiyya ba abin rainawa ba ce.

Masu bincike suna kallon abin ta wata fuska. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana rubuta tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa kan yadda kiɗan Hausa ya sauya, ya kuma yi ƙoƙarin naɗar makaɗan gargajiya da kayan aiki masu kyau. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006. A wajen irin waɗannan, waƙoƙin nan taskar harshe ce da tarihi: sunayen sarakuna da garuruwa, kalmomin noma da farauta da fatauci da suka fara ɓacewa daga bakin yara.

A nan nake ganin ko wanda ba ya sauraron kiɗa yana da ruwa da tsaki. Mutum zai iya ƙin kalangu, amma ya yarda cewa Hausar da ke bakin Narambaɗa ba ta cancanci ta ruɓe a cikin kwali ba.

Abin da ke lalacewa

Zaren kaset da na manyan na'urorin rediyo ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son ƙura, mu kuwa duka ukun muna da su. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ya fara aiki tun 1962, da Rediyon Kano, da gidan talabijin na jiha da aka sani da CTV a da, da Muryar Sahel ta Yamai, sun naɗi makaɗan da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ke ɗakunan ajiyarsu ba shi da na biyu a duniya. Na'urorin da ke iya karanta irin wannan zare kuma kusan sun daina fitowa daga masana'anta, masu gyaransu suna ƙarewa.

Ban da gidajen rediyo, akwai dukiya a hannun mutane. A garuruwa irin su Kurugu ba a rasa tsohon direba ko tela ko mai shayi da ke da buhun kaset a ƙarƙashin gado, wasu an naɗe su a bikin da ba wanda ya sake naɗa. Ranar da mai su ya rasu, magada kan zubar ko yara su warware zaren su yi wasa.

Asarar ba ta tarihi kaɗai ba ce. Waƙoƙin Shata da Ɗanmaraya suna yawo a YouTube, dubban ɗaruruwan mutane na saurare, sau da yawa a shafukan da ba su da alaƙa da iyalansu. Inda an tsara ayyukan a kundi, da suna da shekara da mai haƙƙi, da magada sun samu abin da magadan Beatles suke samu, ko da kaɗan ne.

Aikin ba ya buƙatar biliyoyi. Rakoda mai lafiya, kwamfuta, da mutum mai haƙuri da zai zauna da dattawa ya rubuta wa aka yi wa waƙa, a ina, wace shekara, su wa suka yi amshi. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya, Kano tana da hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗanhausa, Kaduna tana da Gidan Arewa. Masarautar Ƙaraye da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo za su iya fara nasu da makaɗan fada da na noma da na farauta da suka rage a raye, a naɗe su da kyau tun suna da ƙarfin hannu.

Kira na ƙarshe ga mai karatu ne. In akwai tsofaffin kaset ko faifan garmaho a gidanku, kada a zubar, kada a bar su a rana. A nemi wanda zai juye su a kwamfuta, a tambayi dattijon gidan abin da ya sani game da kowace waƙa, a rubuta a takarda a haɗa da su, sannan a kai kwafi ɗaya jami'a ko gidan rediyo mafi kusa.